Ƙasar Ciko da Haƙƙin Maƙwabci a Unguwar Kilomita Biyar ta Bangui

Idan ka bi titin Barthélemy Boganda daga tsakiyar Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ka ba kogi baya, tafiyar kilomita biyar za ta kai ka unguwar da ta ɗauki sunanta daga wannan nisa. A takarda PK5 ake rubutawa, kuma tana cikin gunduma ta uku ta birnin. Nan babbar kasuwa take, nan kuma babban masallacin da Fafaroma Francis ya ziyarta ranar 30 ga Nuwamba, 2015. Hausawa da Barebari da Fulani da Larabawan Cadi da mutanen Senegal da Mali sun daɗe suna saye da sayarwa a cikinta tare da 'yan ƙasa, tun zamanin mulkin Faransa. Duniya ta fi sanin unguwar da labarin rikici. Amma akwai fitinar da ta girmi rikicin, wadda kowace damina sai ta dawo, ita ce ta ruwa. Maganin da mai gida da mai shago suka fi saurin kaiwa gare shi kuwa shi ne ciko: a sayo ƙasa a zuba, a ɗaga fili ya fi ƙarfin ruwa.

Ciko aiki ne mai fuska biyu, kuma raba su shi ne manufar wannan nazari. Ingancin ƙasar da aka zuba da yadda aka daɓe ta sun shafi mai gini da aljihunsa. Idan aka yi ha'inci, bangonsa ne zai tsage. Tsayin da aka ɗaga filin kuwa ya shafi duk wanda ke zaune a layin, domin ruwan da aka hana wa makwanci sai ya nemi wani. Fuska ta farko injiniyoyi sun warware ta kusan shekara ɗari da suka wuce. Ta biyun ce aka bar wa kowa da ƙarfin aljihunsa, kuma a ganina ita ta fi cin dukiyar mutane.

Faransawa sun kafa Bangui a watan Yunin 1889 a gaɓar kogin Ubangi, daidai inda duwatsu suka tare wa jiragen ruwa hanya, a gindin tsaunukan Gbazabangui. Turawa suka riƙe gindin tsauni da bakin kogi, unguwannin baƙar fata kuma aka riƙa tura su nesa da bariki, yamma da arewa. Yamman nan fili ne shimfiɗaɗɗe wanda da ƙyar ido yake gane gangarensa, yana sauka a hankali har kogin Mpoko da ke shiga Ubangi a kudu maso yammacin gari. A cikinsa akwai fadamu da ƙoramu, irin su Kokoro, wadda wasu unguwannin gunduma ta uku suke amsa sunanta. Masanin labarin ƙasa na Jami'ar Bangui, Cyriaque-Rufin Nguimalet, ya daɗe yana nazarin ruwan birnin, kuma ya nuna yadda gari ya yi ta faɗaɗa yana shiga kwarurrukan da a da ruwa ne kaɗai yake kwana a cikinsu.

Ruwan saman da ke sauka a Bangui yana kai milimita 1,500 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Kano ta saba gani, kuma damina takan ci fiye da rabin shekara. Wanda ya sauka a kan tsauni yakan gangaro a guje, da ya iso fili sai ƙarfinsa ya mutu, ya sauke yashin da ya ɗebo a cikin magudanai, ya kwanta. Don haka ambaliya iri biyu ce a birnin. Akwai ta kogi, kamar ta Oktoban 2019, lokacin da Ubangi ya cika ya batse, ƙiyasin farko na waɗanda suka rasa muhalli ya kai mutum 28,000. Akwai kuma ta ruwan saman da ya rasa mafita, kamar ta tsakiyar 2009, wadda ta bar kimanin mutum 14,500 ba matsuguni a unguwannin kudu maso yamma. Kilomita Biyar ba a bakin kogi take ba, saboda haka ta biyun ce ciwonta. Tifa ɗari ta ƙasa ba za ta ƙara wa Ubangi ko faɗin yatsa ba, amma a layi mai gida goma sha biyu da lambatu ɗaya, tifa ɗari tana iya sauya gidan da ruwa zai kwana.

Akwai kuma dalilin tsada. Jamhuriyar ba ta da bakin teku, galibin siminti da rodi ta Kamaru suke shigowa, daga Duwala zuwa Garoua-Boulaï zuwa Bangui, tafiyar fiye da kilomita 1,400 a mota. Da 'yan tawaye suka toshe hanyar a ƙarshen 2020, ɗaruruwan manyan motoci suka maƙale a kan iyaka na makonni, farashi ya tashi a kasuwa. Inda kankare yake da irin wannan tsada, ƙasa ce kayan aikin talaka: da ita zai buga tubali, da ita zai ɗaga ɗaki.

Wace ƙasa ce ta cancanci zama ciko

Ƙasar da manomi yake so ita ce magini yake gudu. Baƙar ƙasar da ke sama, mai taki da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, tana ci gaba da ruɓewa bayan an rufe ta, tana raguwa, tana barin kogo a ƙarƙashin daɓe. Shi ya sa aikin farko a kowane filin gini shi ne a kankare ta, kamar kamu ɗaya ko fiye, har a taɓo ƙasa mai tauri, a tara ta gefe don shuka. Ciko na gaskiya daga ƙarƙashinta ake samo shi.

Mafi kyau a wannan yanki ita ce jar ƙasa mai tsakuwa, ɗiyar marmara, irin wadda ake zuba wa hanyar burji. Wani likita ɗan Birtaniya, Francis Buchanan, shi ya fara bayyana marmara a rubuce a 1807, bayan ya ga mutanen kudancin Indiya suna yanka ta suna gini da ita. A Afirka ta Tsakiya kuwa, Yves Boulvert, Bafaranshen da ya zana taswirar ire-iren ƙasar wannan jamhuriya, ya nuna yadda jar ƙasa da ɓawon marmara suka rufe yanki mai faɗi na ƙasar. Sirrin kyanta shi ne cakuɗa: tsakuwa ta ɗauki nauyi, yashi ya cike tsakanin tsakuwa, ɗan yumɓun da ke ciki ya ɗaure su. Idan ta daɓu takan yi ƙarfi har diga ya sha wuya a kanta. Aibinta ga mutumin Kilomita Biyar shi ne daga tudu take zuwa, don haka kuɗin mota yake saya fiye da kuɗin ƙasa.

Yashi ma akwai. Idan kogi ya janye da rani, mutane sukan fita a kwalekwale su nutsa da bokiti su ɗebo shi daga ƙasan Ubangi, a jibge a gaɓa, motoci su kwasa. Yashi ba ya riƙe ruwa, ba ya kumbura, yana da kyau a ƙarƙashin daɓen ɗaki, muddin akwai bangon da ya tare shi ta kowane gefe. A filin da ba katanga kuwa ruwan damina ɗaya zai tafi da shi cikin lambatu.

Sai lakar fadama, wadda ita ce a kusa kuma ita ce mai arha. Wannan ƙasa tana shan ruwa ta kumbura da damina, ta bushe ta tsattsage da rani, abin da ke kanta kuma ya riƙa hawa da sauka tare da ita. Siminti ba ya jure wannan wasa. Baraguzan gini suna yin ciko mai kyau idan an farfasa su ƙanana, an tsince katako da tsumma da kwano. Amma wanda ya fi kowanne haɗari, kuma ya fi kowanne yawa a unguwar kasuwa, shi ne shara. Mai fili a kwari yakan ji daɗi idan masu kura suna juye masa bola kyauta, yana ganin rami yana cika. Leda ba ta daɓuwa, ɓawon rogo da kwali kuma suna ruɓewa shekara da shekaru, filin yana nutsewa da kaɗan kaɗan. Bayan wannan, ruwan ƙasa a kwari kusa yake, kuma gidaje da yawa da rijiya suka dogara saboda famfon kamfanin ruwa na SODECA bai kai ga kowa ba. Ruwan da ya ratsa jujin da aka binne, rijiyar gida zai je ya tarar.

Gane ƙasa mai kyau ba sai da ɗakin gwaji ba. Kafin tifa ta juye, hau ka cusa hannu cikin lodin, kada ka tsaya a sama inda aka yi wa ado. Ɗebo dunƙule, yayyafa masa ruwa kaɗan, ka matse. Idan ka buɗe hannu ya wargaje, yashi ya yi yawa. Idan ya manne maka a tafi, yana sheƙi, kuma ka iya murza shi ya zama siririn zare mai tsawo bai karye ba, yumɓu ya yi yawa. Wanda ake so shi ne wanda ya dunƙule ya riƙe shatin yatsu, kana jin tsakuwa tana sukar tafinka, kuma da ka sake shi daga tsayin ƙugu ya fashe gida uku ko huɗu. Ka kuma shinshina: warin ruɓa alamar taki ne. Wanda yake son ƙarin tabbaci sai ya zuba ƙasar a kwalba zuwa rabi, ya cika da ruwa, ya girgiza, ya ajiye ta kwana. Da safe zai ga tsakuwa da yashi a gindi, laka a samansu, tarkacen ciyawa yana yawo a kai, ya auna kaurin kowanne da idonsa.

Daɓe, da abin da ke ƙarƙashin daɓe

Kuskuren da ya fi yawa ba a zaɓen ƙasa yake ba, a zuba ta yake. Tifa ta juye, lebura ya baje da shebur har tsayin gwiwa a tashi ɗaya, a kwarara ruwa, a ce damina za ta zaunar da ita. Sama takan yi tauri, ido ya gamsu, ƙasa kuwa tana nan sako-sako.

A 1933 wani injiniyan hukumar ruwa ta birnin Los Angeles a Amurka, Ralph Proctor, ya wallafa sakamakon gwajin da har yau ake kira da sunansa. Ya nuna cewa kowace ƙasa tana da wani gwargwadon damshi da ta fi daɓuwa a kansa. Idan ta bushe da yawa, ƙwayoyinta ba sa zamewa su shiga tsakanin juna. Idan ta jiƙe da yawa, ruwa ya cike gurbin da ƙwayoyin za su shiga, kuma ruwa ba ya matsuwa. Daga nan aka samo ƙa'idar da ke cikin kwangilolin hanya da gini: a zuba ciko hawa-hawa, kowane hawa santimita 15 zuwa 20 idan da inji za a daɓe, a kai shi kashi 95 cikin 100 na iyakar taurin da aka samu a gwaji, sannan a ɗora na gaba. Wanda ba shi da inji, sai madaɓin ƙarfe ko guntun gungume, to kada hawansa ya wuce santimita 10. Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Matan da suke yin daɓen ɗaki a ƙasar Hausa, suna baza tsakuwa sirara, suna yayyafa ruwan makuba, suna bugu da madaɓi har wuri ya yi sumul, ƙa'idar da suke bi ke nan: kaɗan kaɗan, da damshi daidai, da bugu mai yawa. Sauri da ganin tifa ne suka sa aka yar da ita.

Ko an daɓe ciko yadda ya kamata, saura ƙasar da aka ɗora shi a kai. Karl Terzaghi, wanda littafinsa na 1925 ya kafa ilimin nazarin ƙasar gini, ya bayyana yadda laka mai ruwa take matsewa a hankali idan aka ɗora mata nauyi: ruwan da ke cikinta yana tsiyayewa sannu sannu, ita kuma tana sauka, wani lokaci tsawon shekaru. Nauyin ciko kuwa ba kaɗan ba ne. Mu ɗauki fili mai mita 20 tsawo da 20 faɗi, a ɗaga shi rabin mita. Wannan mita 200 ne na ƙasa daɓaɓɓiya, a ma'aunin tsawo da faɗi da zurfi, kuma da yake sakakkiyar ƙasa tana raguwa idan an daɓe, sai an sayo kusan 250, wato tifa 25 idan kowace tana ɗaukar 10. Nauyinsa ya doshi tan 400, tun ba a ɗora bulo ɗaya ba. Da filin zai sauka gaba ɗaya daidai wa daida, da da sauƙi. Ɓarnar tana zuwa ne idan wata kusurwa ta fi wata sauka: tsaga ta taso daga kusurwar taga ta yi sama a karkace, ƙofa ta fara cijewa, daɓe ya rabu da bango. Saboda haka magini mai tsoron Allah ba ya ɗora harsashin gini a kan sabon ciko. Yakan haƙa ya ratsa shi har ya taɓo ƙasar asali mai ƙarfi, ya taso da bango, sannan ya cike cikin ɗakin. Ciko ya ɗauki daɓe da mutane, harsashi ya ɗauki bango da rufi.

A Kilomita Biyar da kewayenta akwai wani ƙarin haɗari da yaƙi ya bari. Tun daga harin da aka kai birnin ranar 5 ga Disamba, 2013, an rusa gidaje masu yawa a unguwannin da suka kewaye kasuwar, na Musulmi da na Kirista. Musulmin da suka rage a birnin suka takure a PK5, har ƙiyasin lokacin ziyarar Fafaroma bai wuce mutum 15,000 ba, yayin da sansanin 'yan gudun hijira na filin jirgin sama na Mpoko ya taɓa ɗaukar kimanin mutum 100,000 kafin a rufe shi a farkon 2017. Waɗanda suka dawo sun tarar da kango, ciyawa ta rufe, tubalin ƙasa ya narke ya baje. Irin wannan fili yakan yi kama da wanda aka riga aka cike, har ma ya ɗan yi tudu. Amma a ƙarƙashinsa akwai tsohon masai, da tsohuwar rijiya, da ramin shara, kuma sabon mai gini, musamman wanda ya saya bai gada ba, bai san inda suke ba. Kusurwar ɗakin da ta faɗa a kan tsohon masai ba za ta daina sauka ba. Kafin a ja igiya a irin wannan wuri, ya kamata a bi filin da sandar rodi ana cakawa taku bayan taku, a kuma nemo tsohon maƙwabci a tambaye shi yadda gidan yake a da. Ramin da aka gano a yashe shi, a cike shi hawa-hawa, a kuma kauce masa da harsashi.

Ina ruwan ya tafi

Yanzu mu ɗauka mai filin nan na mita 20 da 20 ya yi komai daidai: jar ƙasa mai kyau, daɓe mai kyau, harsashi a ƙasar asali. Gidansa ya bushe. Tambayar da ba a yi ita ce, ina ruwan da yake kwana a nan a da ya koma? Wanda ya jefa dutse a ƙwarya cike da ruwa ya san amsa. Idan a da ruwa yakan tsaya santimita 20 a filin bayan ruwan sama mai ƙarfi, to lita 80,000 ke nan, durom 400, da yanzu ba su da wuri a can. Ga kuma wanda zai sauka a kan sabon rufin kwano da tsakar gidan siminti: ruwan milimita 50 a kan wannan fili lita 20,000 ne, durom 100, kuma ba ɗigon da zai nutse, indararo zai miƙa shi waje cikin 'yan mintoci. Duk wannan na gida ɗaya ne.

Abin da ke biyo baya sananne ne a duk unguwar da aka gina a kwari. Na kusa ya ga ruwa ya ƙaru a gidansa, shi ma ya sayo ƙasa, ya ɗara na farko da kamu ɗaya don ya huta. Masu shaguna su haɗa kuɗi a zuba wa layi burji, ko hukuma ta zo da gireda ta ɗora sabuwar ƙasa a kan tsohuwa ba tare da ta kankare ba. Titi ya hau. Gidan da a da ake taka matakala a shiga, yanzu sai an sauka. Za ka gane irin wannan gida da ɗan bangon bulo biyu da aka gina a bakin ƙofa, wanda tsohuwa take ɗaga ƙafa da ƙyar ta ƙetare, da buhunan ƙasa da aka jera a gabansa, da shatin damshi da ya zagaye bango har tsayin gwiwa. Bangon tubalin ƙasa daga gindi yake mutuwa: ruwa ya kwana a jikinsa, ya yi laushi, nauyin sama ya zaunar da shi. Wanda ya rage a ƙasa a wannan tsere shi ne wanda ba shi da kuɗin tifa, gwauruwa mai marayu, ko ɗan haya wanda mai gidansa ba ya gari. Babu wanda ya nufe shi da sharri, amma ruwan layin gaba ɗaya a ɗakinsa yake taruwa, tare da abin da ya kwaso daga masan da suka cika.

Mutanen Kano sun san ɗaya gefen labarin. Kududdufan cikin birni ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa, daga baya suka zama matattarar ruwan damina. Da fili ya yi tsada aka yi ta cike su da shara ana gini a kai, ruwan da suke riƙewa ya koma lunguna. Fadamun yammacin Bangui aikin da suke yi ke nan. Haka kuma duk tifar da ta cike wani wuri ta bar rami a wani wuri, kuma ramin ɗiban ƙasa ko na buga tubali da aka bari a gefen gari yakan zama gidan sauro da tarkon yara.

Shari'a ba ta yi shiru a kan wannan ba. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda Musulmin wannan yanki suke bi, sun gina hukunce-hukuncen maƙwabtaka a kan ƙa'idar hana cutarwa. Ibn al-Rami, wani babban magini a birnin Tunis a ƙarni na 14, wanda alƙalai suke aikawa ya duba gine-ginen da ake jayayya a kansu, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafinsa al-I'lan bi Ahkam al-Bunyan, har da na ruwan sama da ruwan ƙazanta da hanyar da suke bi tsakanin gidaje. Dokar farar hula ta Faransa ta 1804, wadda ƙasashen da ta mulka suka gaji tsarinta, ita ma ta yi magana a sashe na 640: na ƙasa ya karɓi ruwan da ke gangaro masa bisa ɗabi'a, kada ya gina abin da zai tare shi, na sama kuma kada ya yi abin da zai ƙara wa na ƙasa nauyi. Ke nan liman da alƙalin gwamnati duk suna da abin faɗa. Matsalar ita ce hujja. Idan gida goma suka yi ciko a cikin shekara goma, wa za a kama da laifin ruwan da ya rusa na sha ɗaya? Hukunci bayan ɓarna ba zai yi aiki a nan ba; abin da ake bukata shi ne ma'aunin da kowa ya sani tun kafin ya kira tifa.

Birnin Shikago na Amurka ya taɓa shiga wannan hali, shi ma a fadama aka gina shi. A 1855 injiniya Ellis Chesbrough ya tsara masa magudanai, da aka ga ba gangaren da zai ja ruwa sai hukuma ta yanke sabon tsayin tituna, aka cike su, masu gine-gine suka ɗaga nasu da dubban jak. Ba kuɗin Shikago nake nufin Bangui ta nemo ba. Abin ɗauka shi ne jerin aikin: an fara da inda ruwa zai fita, daga nan aka lissafa tsayin titi, daga titi aka lissafa na gidaje. A unguwannin da muke magana a kansu jerin a juye yake, gida ne farko, titi ya biyo, lambatu kuma in an tuna.

Gyara wannan a matakin layi ɗaya bai fi ƙarfin mutanen Kilomita Biyar ba. Kayan aikin shi ne tiyo mai haske, doguwa, cike da ruwa, irin wadda birkiloli suke daidaita bango da ita. Mutum biyu su riƙe bakunanta, ɗaya a bakin babbar magudana inda ruwan layin yake faɗawa, ɗaya a jikin bangon gida na farko; inda ruwa ya tsaya a baki biyun tsayinsu ɗaya, a ja layi da fenti. A yi ta ciyar da shi gaba gida bayan gida. Kafin la'asar kowane bango yana da alama, kuma da ma'aunin tela kowa zai san ko ƙofarsa ta fi magudana tsayi da nawa. Daga nan mai unguwa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa, tare da injiniya ɗaya daga ma'aikatar magajin gari, za su iya yanke tsayin lambatu, da na layi, da iyakar da tsakar gida za ta kai. Ayyukan yashe magudanai da ake ɗaukar matasan unguwa a biya su kullum, irin waɗanda hukumar AGETIP-CAF ta gudanar a Bangui da tallafin masu ba da agaji, sun nuna hannun aiki yana nan. Ma'aunin ne ya kamata a ɗora a kai.

Sannan a rage yawan cikon kansa. Littattafan gini na ƙasashen waje suna cewa ƙasa ta gangara daga jikin bango da kashi 5 cikin 100 har tsawon mita 3, amma a inda bango yake jingine da bango wannan mita 3 ba ta samuwa, sai dai ƙaramar kwata mai siminti da za ta kai ruwa lambatu. Abin da ya fi dacewa da irin wannan wuri shi ne a ɗaga ɗakuna kawai, a bar tsakar gida. A misalinmu na ɗazu, idan ginin ya ci kashi ɗaya cikin huɗu na filin, tifa 25 ta koma 6 ko 7, nauyin da ke kan laka ya ragu, kashi uku na filin kuma ya ci gaba da karɓar ruwa. Akwai ƙorafi mai ƙarfi a kan wannan shawara, kuma daga mata zai fito: a tsakar gida ake girki da wanki, nan yara suke wuni, ba wadda za ta yarda ta riƙa taka taɓo rabin shekara don maƙwabci ya huta. Gaskiyarsu ce. Amsar ita ce a ɗaga madafa da bakin masai da bakin rijiya da hanyar da ta haɗa su, a ware kusurwa ɗaya mai ƙasa-ƙasa a zuba mata tsakuwa, da ƙaramar mafita da za ta tsiyaye ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Sauro yana bukatar kusan mako kafin ƙwansa ya zama mai tashi, don haka ruwan kwana biyu ba ya haifar da shi.

Akwai maƙwabcin da ba zai halarci zaman yanke ma'auni ba. Iyalai da yawa da suka fita a 2014 har yanzu suna Kamaru da Cadi, filayensu suna nan tsakanin gidajen da aka sake ginawa, kuma kowace tifa da ta shiga layin tana ƙara mayar da su tafki. Ranar da mai irin wannan fili ya dawo, zai tarar yana bukatar ciko ninkin na waɗanda suka riga shi, a kan lakar da ta shekara goma tana shan ruwan unguwa, kuma idan ya cike, ruwan zai koma kan waɗanda suka saba juye masa. Wannan rigima ce da ake iya hangowa tun yanzu, a wurin da rigimar fili take saurin ɗaukar launin addini. Don haka idan aka fito da tiyo za a ja alama, a kafa turke a kangon wanda ba ya nan a ja masa tasa, a rubuta tsayin filinsa a littafin mai unguwa tare da na kowa, kuma a lissafa girman lambatun layin a kan cewa wata rana shi ma zai cike nasa.